Na tashi da iyalina a tsakiyar marka

Ƙanina, in zuciyarka ta fara raya maka cewa lokaci ya yi da za ka fita daga gidan gandu ka kama naka, ba zan hana ka ba. Kowa da ranarsa. Sai dai ka zauna ka ji yadda na yi tawa ƙaurar, don an fi shekara goma, amma har yau in na tuna daren nan sai kunya ta rufe ni.

Ƙauyenmu yana ƙasar Jahun. Bayan rasuwar mahaifinmu muka ci gaba da noma tare da yayana, gona ɗaya, rumbu ɗaya, kamar yadda muka taso muka tarar. Ni kuma ina ɗan taɓa awon hatsi, na daɗe ina sha'awar komawa bakin titi wajejen Gujungu, inda kasuwa ke ci duk ranar Lahadi. Na sayi fili a can, da bazara na tayar da ɗaki biyu na tubali, na buga kwano. Niyyata sai bayan kaka mu tare. Kwatsam sai wata 'yar magana ta haɗa mai ɗakina da matar Yaya, wai akuyarmu ta ci tsabar da aka shanya. Abin da bai taka kara ya karya ba, amma ya yi ta hawa har ya iso gare mu maza. Na buɗe baki na ce wa Yaya, "In Lahadi ta wuce ina gidan nan, ba ubanmu ɗaya ba." Ranar Laraba ce, cikin watan Agusta, sama ta yi kwana uku ba ta ɗauke ba.

Da daddare Baffa ya sa aka kira ni zaure. Ya ce, "Kai yaro, wa ka taɓa gani ya yi ƙaura da damina in ba ruwa ne ya kore shi ba? Geronka na gona, ɗakinka ko yaɓe bai sha ba. Ka bari a yi girbi, ni da kaina zan raka ka." Na sunkuyar da kai na ce, "To Baffa, na ji." Ban ji komai ba. Gani nake in na fasa za a ce matsoraci ne.

To ka fara riƙe wannan. Manomi ba shi da lokacin ƙaura sai tsakanin ƙarshen kaka da farkon bazara, wato daga Disamba zuwa kamar Maris. A lokacin amfanin gona ya shigo, ka san dami nawa ka samu, an raba kowa ya san nasa. Hanya ta bushe, mota na iya zuwa har ƙofar gida. Ginin ƙasa ya sha iskar hunturu ya ƙeƙashe. Ga 'yan kuɗi a hannu, ga matasa zaune babu aikin gona, in ka kira gayya za su zo. Ni kuwa na tashi a watan da rumbu ya kusa ƙarewa, kowa na duƙe a gona, ga gonata na bar ta a baya, sai na riƙa hawa babur ina dawowa dubata, kuɗin mai kaɗai ya cinye abin da nake samu a kasuwa.

Ranar Lahadi na zaɓa, ranar kasuwa, don wauta. Duk mai a-kori-kura a yankin ranar nan yake neman na cefanen mako, wa zai bar lodin buhuna da dabbobi ya zo kwasar tarkacen gida? Wanda muka yi magana da shi ya ce da hantsi zai zo. Mun fito da kaya tsakar gida tun da asuba, yara na zaune kan katifa, maƙwabta na leƙe. Bai iso ba sai bayan la'asar, ya kuma tsaya can bakin burji ya ce motarsa ba za ta shiga laka ba. Sai da na roƙi mai amalanke ya yi sawu huɗu, na biya kuɗin da ban sa a lissafi ba. Da direban ma ba mu yanke magana ba tun farko, ko sawu ɗaya ne ko biyu, ko wa zai biya masu lodi. A gaban mutane muka yi ta ciniki, shi ya san ba ni da mafita, ni ma na sani.

Lodin kuwa kada ka tambaya. Gari ya fara duhu, hadari ya haɗo daga gabas, kowa abin da hannunsa ya kai shi yake jefawa. Aka sa sif ɗin mai ɗakina a tsaye ba a cire madubin ba, aka jingina masa turmi. Randarta, wadda kakarta ta ba ta ranar da aka kawo ta gidanmu, wani yaro ya ɗora ta kan buhun gero ya cusa mata tsummoki a baki, wai ya gama. Ba mu yi nisa ba motar ta faɗa wani rami, na ji ƙarar daga gaba inda nake zaune. Ban waiwaya ba. Da muka sauka ta tsuguna tana tsince gutsattsarin a cikin zaninta, ba ta ce da ni uffan ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ka sani, kayan ɗakin mace nata ne, iyayenta suka yi shekaru suna tarawa, wasu har gona suke jinginarwa. Ba ka da hurumin yin gaggawa da su. Ka ba ta mako biyu ko uku ta kira 'yan'uwanta mata su kwance jeren da kansu, su naɗe tangaran da kofuna a cikin zannuwa, su jera kwalla da samira ƙarama cikin babba. Gado da sif a kira kafinta ya kwance, a ƙulle kusoshin a leda a ɗaure jikin ƙafar gadon. Masu nauyi, irin su turmi da buhuna, su ne a ƙasa, can jikin kan mota. Randa da tulu da tukwanen ƙasa kuwa, in tafiyar ba ta da nisa, a shimfiɗa musu ƙaiƙayi ko harawa a amalanke su tafi a hankali. Sannan a ware ƙunshi guda wanda ba zai shiga lodi ba sam, a riƙe shi a hannu: tocila, ashana, buta, tabarma, gidan sauro, tukunya ɗaya, garin tuwo da kuka da gishiri, da maganin duk wanda ke shan magani. Mu a daren nan ashana ta gagare mu. Tana cikin wani kwano, kwanon na cikin wani buhu, buhun Allah kaɗai Ya san inda yake. Yara suka kwana da ƙuli-ƙuli da ruwa.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da muka tarar. Ni a lissafina gida shi ne bango da rufi. Ashe gida salga ne, da ruwa, da danga, da wurin girki. Babu ko ɗaya. Mace da yara uku a fili fetal, duk mai wucewa yana ganin tsakar gida. Washegari da sassafe na bi gari neman zana, mai ɗakina kuma ta ɗauki buta ta shiga gidan mutanen da ba ta taɓa gani ba tana neman a ba ta izinin kewayawa. Wannan ita ce kunyar da na ce maka ba ta sake ni ba. Famfon tuƙa-tuƙa da na gani kusa da filin lokacin da na saya, ashe ya yi wata biyu da lalacewa. Da na kwana ko sau ɗaya a wurin kafin in kwaso iyali, da na sani. Ka je ka kwana, ka ga inda ake ɗebo ruwa da asuba, ka ji ko akwai zaƙi ko zartsi. In za ka haƙa salga kuma akwai rijiya kusa, ka nisanta su, ma'aikatan lafiya kan ce kamar mita 30, kuma salgar ta kasance ta gangare.

Ka kuma je ka ga filin da damina kafin ka biya, ko ka tambayi tsofaffin wurin. Da rani duk ƙasa ɗaya ce a ido. Mu nan Jigawa da Kogin Haɗeja ya ratsa mu, tambayar da ta fi kowace ita ce, ina ruwa ke tsayawa? Wanda ya ga ambaliyar 2022, yadda ta yi da garuruwa a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Nawa filin Allah Ya taimake ni yana kan ɗan tudu, amma daɓen ɗakin ɗanye ne. Na jibge buhu shida na gero a ƙasa, jikin bango. Bayan kwana goma sha na ɗaga na ƙasan, ƙasansu ya yi baƙi, warin fumfuna ya bugi hancina, ga gara ta fara hanya. Buhu biyu sai kaji. Katako huɗu da 'yan duwatsu kawai nake buƙata in ɗaga su daga ƙasa in janye su daga bango. Da a ce da kaka na tashi, rumbu zan fara yi kafin ɗakin kwana, in kai dammunan gerona ciki, wake kuma in zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ƙwaro ba ya rayuwa a cikinsa.

Dabbobi ma da nasu. Kaji da daddare ake kama su, a kai su a rufe a akurki kwana uku ko huɗu har su san wurin. Na sake nawa washegari, rabi ban sake ganinsu ba. Akuyar nan kuwa da ta jawo rigimar, ban kafa mata turke mai ƙarfi ba, ta tsinke ta shiga waken wani bawan Allah. Farkon zuwana gaban mai unguwa ke nan, a matsayin wanda aka kawo ƙara. Ya dube ni ya ce, "Malam, yaushe ka zo garin nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kwana biyar ke nan." Ya ce, "Kuma sai akuyarka ce ta fara kawo mana gaisuwa?" Aka yi dariya, na biya ɓarna, na fita gumi na keto mini.

Gaskiyarsa. Tun kafin ka ɗauko ko tsinke, ka nemi wani dattijo ya raka ka wurin mai unguwa da dagaci da liman, ka ce ga ni, ɗan wane ne daga wuri kaza, ga sana'ata. Ka shiga gidajen da za ku haɗa katanga. Su ne za su aiko wa iyalinka da tuwo daren farko, su ne za su gaya maka wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. A wannan zuwan ne kuma za ka gyara takardar fili. Tawa wata 'yar fallen takarda ce da ni da mai sayarwa muka sa wa hannu, babu mai unguwa, babu dagaci, babu maƙwabtan iyaka. Bayan shekara uku mutumin ya rasu, magada suka ce taku biyar na gabas ba ya cikin ciniki, kuma a nan na haƙa salgata. Sai da aka yi zama uku kafin a daidaita, na ƙara kuɗi. A sa shaidu, a auna a gabansu, a kafa alama, in da hali a kai ƙaramar hukuma, don Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ta ba wa ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara. Takardun yara ma haka: ka karɓo takardar canjin makaranta daga hedimasta, ka yi sallama da malamin allo, katin rigakafi da na awo su kasance a jakar uwarsu. Babban ɗana zango guda ya yi a gida saboda ban yi wannan ba.

Na fita ban sallami kowa ba. Ban shiga ɗakin Inna na durƙusa ba, sai daga bakin ƙofa na ce mun tafi. Akwai mai shagon da ke bina kuɗin taki, akwai adashen da mai ɗakina ke ciki, duk muka bari a rataye, har aka fara cewa gudun bashi muka yi. Wata biyu ban taka ƙauyen ba sai dai in zagaya ta bayan gari in shiga gona.

Da aka yi girbi, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga amalanke biyu a ƙofar gidana, Yaya na tafe a baya da sandarsa. Rabona na gero ne, ya ɗaure ya kawo, har da kara na danga. Bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ya zagaya gidan, ya tura bangon da hannu, ya ce yaɓen nan sai an sake, zai turo yara ranar Talata. Mai ɗakina ta kawo masa ruwa a kofin silba, daga sabuwar randar da na sayo mata a Gujungu. Ya sha ya ce ruwan da sanyi. Ita kuwa har gobe cewa take bai kai na waccan ba.