Tagar da doka ta hana a taɓa

Duk matashin da ya zo ofishina a nan Kaduna domin koyon zanen gine-gine, hoton da nake fara ajiye masa a kan tebur shi ne na Holkham Hall, wani gidan ƙasaita da ke karkarar Norfolk a Ingila. An aza harsashinsa a 1734 domin Thomas Coke, ba a kammala shi ba sai 1764, shekara biyar bayan rasuwar mai gidan. Yana cikin gidajen zamanin sarakuna huɗu masu suna Joj, daga 1714 zuwa 1830, lokacin da masu ƙasa a Ingila suka rungumi tsarin Andrea Palladio, wani mai zanen gine-gine ɗan Italiya.

Abin da nake so yaro ya gani shi ne ma'auni. Idan ka ja layi daga ƙololuwar rufin barandar gaba mai ginshiƙai shida zuwa ƙasa, duk abin da ke dama za ka same shi a hagu, ba ƙari ba ragi. Ado kaɗan ne a waje, bulo ne mai ruwan ƙwai, amma ido ba ya gajiya da kallonsa. Manyan ɗakunan karɓar baƙi suna bene na farko, shi ya sa tagoginsu suka fi na ƙasa tsawo.

A irin waɗannan gidaje taga ce ta fi ɗaukar hankalina. Ganye biyu ne na katako, galibi kowanne da gilashi shida, ana tura su sama da ƙasa, kuma a cikin firam ɗin an ɓoye igiya da nauyin dalma ko ƙarfe, ta yadda taga za ta tsaya duk inda ka sake ta. Daga 1696 zuwa 1851 ana biyan haraji a Ingila bisa yawan tagogin gida, har wasu suka toshe nasu da bulo, suka bar siffar tagar a bango don kada daidaiton fuskar gidan ya ɓaci.

Holkham yana mataki na ɗaya a rajistar gine-ginen tarihi ta Ingila, wadda aka fara haɗawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da zarar gida ya shiga rajistar, mai shi ba ya da ikon canza abin da zai taɓa asalinsa, ko da taga ɗaya ce, sai da izinin hukumar yankinsa, kuma yin hakan ba izini laifi ne da kotu ke hukuntawa.

Wannan ne ke tsaya mini a rai idan na bi ta tsofaffin unguwannin Turawa na Kaduna. Gidajen nan ba irin na Joj ba ne, amma su ma da lissafi aka gina su: baranda mai faɗi, silin mai tsawo, tagogi suna fuskantar juna don iska ta ratsa. Lugard Hall da Arewa House suna nan tsaye saboda ana amfani da su. Wani gida kuwa da na daɗe ina wucewa ta gabansa a Unguwar Rimi, cikin mako guda aka baje shi, aka yanka filin gida-gida. Na bi sawun katakon har wurin masu sayar da tsofaffin kayan gini, na sayi taga ɗaya. Ko ƙusa babu a mahaɗarta, kafintan ya sassaƙa katako ne ya cusa cikin katako, kuma ita nake ba ɗalibaina su auna a makonsu na farko.