Da keke zuwa Kware

Jiya bayan sallar asuba muka hau kekuna, mu takwas, daga Sakkwato zuwa Kware. Jagoranmu wani dattijo ne mai gyaran keke, famfo da kayan faci ɗaure a bayan sirdinsa. Muna tsallake gulbi ya kauce da mu daga titin Illela, muka bi ta fadama, albasa kore shar dama da hagu. Sanyin hunturu kuwa har cikin ƙashi.

Ni mai cika bakin, tayata ce ta fara sacewa. Ƙaya ta taka.

"Sauko ɗana, ka ga aiki," in ji Baba.

Turawa har biya suke a zagaya da su bakin teku haka. Mu dai fura muka saya masa. Yau ko tsugunawa ta gagare ni wallahi.