Yadda cukun Turawa ya cinye mini jaka 140 a Marwa

Har yau idan na hangi shuɗiyar kula ɗaure a bayan babur sai na ji ɗaci a maƙogwaro. Irinta ce ta iso mini daga Yawunde a watan Afrilun 2022, ana tsakiyar azumi, da kayan jaka 140 na sefa a ciki, wato sefa dubu 140. Kuɗin adashi ne da na yi wata bakwai ina zubawa.

Ni mai shayi ne a Domayo, cikin Marwa. Teburin na kawuna ne, ya bar mini da ƙafa ta fara damunsa. Shayi, burodi, wainar ƙwai da taliya a ciki yadda ake so a Kamaru, sai sardin da mayonis ga mai hali. Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a 2013, can wajen Mokolo, gari ya cika da ma'aikatan agaji da fararen motocinsu masu dogon eriya. Direbobinsu ne suka fara zama a bencina, daga baya iyayen gidan suka soma aiko su da saƙo. Boga suke nema, wato gasasshen niƙaƙƙen nama a tsakiyar burodi, kuma koyon haɗa shi bai ba ni wuya ba. Naman shanunmu ba shi da maiƙo sosai, sai na sa mahauci ya riƙa haɗa mini da kitsen tozo, kashi ɗaya cikin biyar, kafin a niƙa. Mai gidan burodi ya yarda ya yi mini 'yan ƙanana masu zagaye da riɗi a ka. Albasa kuwa a Marwa ba abin nema ba ce. Mako biyu na gama da wannan.

Cuku ne ya kayar da ni.

Akwai wata Ba'amurkiya, ma'aikaciyar jinya, da ta fi kowa ciniki. Wata rana ta zo da kanta, ta ce da gurguwar Faransancinta: "Malam, namanka ya fi na garinmu daɗi, amma ina cuku?" Na ɗauko La Vache qui rit, wanda muke ce wa saniya mai dariya, na shafa mata biyu. Ta ci, ta yi godiya, ta ce ba shi ba ne. Ta ce wata takwas rabonta da boga mai cuku, ga shi babu McDonald's, gidan bogan nan na ƙasarsu, a Kamaru, babu a Chadi, babu ma a Najeriya balle ta sa ran tsallakawa. Ta ce in na samo, ita da abokan aikinta kullum a wurina za su ci na rana.

Ban tambaye ta wane iri ba. Duk asarar a nan take, a tambayar da ba ta kai minti ɗaya ba. Na ji kunyar in nuna ban sani ba. Sai na yi lissafi ni kaɗai: Bature mai kuɗi ne, ya raina na jaka ɗaya, to mai tsada yake so. Ga azumi ya shigo, teburin shayi a rufe yake har magariba, waɗannan kuwa ba azumi suke ba. In dafa a cikin gida, ɗan babur ya kai musu ofis, in samu kuɗin kayan sallar yara. Ganin kitse na yi wa rogo.

Na kira wani abokina da ke Birikiteri, unguwar Hausawan Yawunde, na tura masa kuɗin ta waya, na ce ya shiga babban kanti ya zaɓo mini cukun da Turawa suka fi girmamawa. Shi ma bai sani ba, sai ya bi farashi. Ya ɗebo Camembert da Brie, da manyan yanka na Emmental da Comté, da wani Roquefort da ya ce shi ne sarkinsu don ya fi kowanne tsada. Ya zuba ƙanƙara, ya naɗe kular da salatif, ya ba ta jirgin ƙasa na dare. Da safe tana Ngawundare, har nan lafiya. Daga can zuwa Marwa kusan kilomita 500 ne a mota. Yaran tasha suka ɗora ta a saman bas ƙarƙashin tamfol, motar kuma ta lalace kafin Garwa, ta yini a bakin hanya. Wanda ya san ranar Afrilu a wannan yanki, da zafi ke haura digiri 40 da rana, ya san abin da ke faruwa a ƙarƙashin tamfol. Sai da ta kwana biyu a hanya ta iso hannuna.

A tsakar gida na buɗe ta. Uwargida tana bakin murhu, ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce: "Maigida, mushe ka sayo mana da azumin nan?" Ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi. Camembert da Brie sun narke sun tsiyayo daga takardunsu kamar kunu, suna wari irin na garken awaki. Emmental da Comté sun yi gumi, mai ya fito musu ta ko'ina. Roquefort kuwa da na yanka shi, cikinsa duk funfuna ce, kore-kore da shuɗi-shuɗi. Ga bakina da azumi, ba halin ɗanɗanawa. Na kwashi masu laushin da mai funfunar na sa yaro ya haƙa rami a bayan gida ya binne. Masu taurin na sa a firiji, firijin da a lokacin wuta ba ta zama masa ko rabin yini, don shekarar ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, arewa duka ana rabon wuta ne.

Duk da haka ban karaya ba. Washegari na yanka Emmental na ɗora kan nama a tanda. Ya ƙi kwanciya. Mai ya ware gefe guda, sauran ya dunƙule yana jan zare kamar roba. Na kai mata da kaina, ina jiran yabo. Ta buɗe, ta duba, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ga fuskata ta daina. Ta ciro waya ta nuna mini hoto: wani ɗan falle ruwan ɗorawa, mai kusurwa huɗu, kowane ɗaya a cikin ledarsa. Ta ce: "Wannan nake nufi, Malam. A wurinmu yana cikin mafi araha. Shi uwata take gasa mana a burodi in mun dawo makaranta." Ta ƙara da cewa a Amurkar ma doka ba ta yarda a rubuta masa cuku zalla a jikin leda ba, sai dai a ce abin da aka sarrafa daga cuku.

Na tsaya riƙe da leda kamar an dasa ni. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san wannan hali tun ba yau ba. Yayana yana Libarbil ta ƙasar Gabon shekara goma sha, bai taɓa cewa a aika masa rago ba. Daddawa yake roƙo, da kuka, da yajin da innarmu take dakawa. Mai kewar gida abin da ya tashi da shi a baki yake nema, ko da mafi araha ne. Duk wata ni nake ɗaure wa Yaya ƙullin daddawarsa in kai tasha, amma da na ga farar fata sai na manta.

A ofishin akwai wani Bafaranshe mai kula da motoci da kaya. Shi ya karɓi ragowar Comté a rabin kuɗinsa, yana shinshinawa kamar ya ga ɗan'uwa, yana yi wa Ba'amurkiyar tsiya wai roba suke ci a ƙasarsu. Shi ya fara yi mini bayanin abin, sauran na bi na karanta a waya cikin dare bayan asham. Ashe wannan na ledar da saniya mai dariya 'yan gida ɗaya ne. Cuku ake niƙawa a narkar da wasu gishiri na musamman, su riƙe mai da ruwa wuri guda, shi ya sa in ya ji wuta yake kwanciya lumui ba ya warewa. Wasu mutum biyu a Suwizalan suka fara yin sa a 1911. James Kraft ya yi wa tasa dabarar rajista a Amurka a 1916, ya sayar wa sojojin ƙasarsu da yawa a gwangwani lokacin yaƙin duniya na farko. Léon Bel ya fito da saniya mai dariya a Faransa a 1921. Dukkansu matsala ɗaya suke gudu: cuku ya lalace a doguwar tafiya da zafi. Wato an yi shekara ɗari da warware abin da ya same ni, ni kuwa na tsallake wanda aka ƙera don hanya irin ta Ngawundare, na sayo wanda ba ya rayuwa sai a sanyi.

Kilo biyu na Emmental da suka rage ne kawai na ceto, shi ma da dabarar Bafaranshen. Ruwan lemun tsami in ya haɗu da bikarbonat, wani farin gari mai kama da kanwa, ɗaya daga cikin gishirin nan yake bayarwa. Na fara gwadawa da kanwa don ita ce a gida, ya fito da duhu-duhu yana ɗanɗanon sabulu, kada wanda ya gwada. Na sayo bikarbonat a kantin magani. Ga rabin kilo, ruwan lemu kimanin mililita 200 da cokalin shayi 2 na garin, a bari kumfa ta kwanta gaba ɗaya, a sa madara kaɗan, a riƙa barbaɗa gurzajjen cuku a wuta marar ƙarfi ana juyawa. Na ɗiga kurkur don launi, na zuba a faranti ya daskare, na yayyanka. Ya kwanta a kan nama yadda ake so. Ta ci ta ce ya kusa. Ya kusa kawai, bayan jaka 140.

Da kawu ya ji labari bai yi faɗan kuɗi ba. Ya ce: "Ɗana, matambayi ba ya ɓata. Ka ma tambaya da me suke daskarar da nonon?" Nan ma ban sani ba. Wasu Fulani da tumfafiya suke yi, su kuwa da yawa daga cikin nasu da wani sinadari ne daga tumbin ɗan maraƙi. Tun daga ranar, wanda zan sa wa Musulmi sai na duba tambarin halal a jikin kwali.

Yanzu baƙo ya nemi abu, cewa nake ya nuna mini hoton ledarsa. Baƙin ma ba iri ɗaya ba ne. Yawancinsu 'yan Afirka ne, daga Senegal, Kwaddibuwa, Kwango, kuma su saniya mai dariya a dogon burodi da ƙwai ta ishe su, ita da ba ta neman firiji in ba a buɗe ta ba. Bafaranshe bota yake so da burodi mai ƙamas-ƙamas, in ya tambayi naman alade in ce masa ba na taɓawa, ya haƙura da kilishi. Fallen nan ruwan ɗorawa kuwa yana son sanyi, amma yana jure hanya. Fakiti goma nake sayowa, ba fiye ba, kuma daga Maris zuwa Mayu ba na yin oda ko wa ya roƙa. In kula za ta taso daga Ngawundare, kujera nake biya mata a cikin mota kamar mutum. Yaran tasha suna dariya, ina biya.

Shuɗiyar kular tana nan, uwargida ta wanke ta da omo da toka har sau uku, tana sayar da zoɓo a ciki. Sai bayan salla, muna hira da Bafaranshen a benci, na ba shi labarin wanda na binne mai funfuna. Ya ajiye kofin shayi ya dafe kai. Ya ce Roquefort haka yake, da gangan ake sa masa funfunar, a cikin kogon dutse ake ajiye shi watanni har ta kama shi. Ya ce mai yiwuwa ma lafiyarsa ƙalau, kuma da ya saya a cikakken kuɗinsa. Ya tambaye ni ko ramin yana da zurfi.