Yadda Na Zauna da Ciwon Gawut Bayan Na Daina Jiran Ya Tashi

A dare na uku bayan Babbar Sallar shekarar 2022 na kwanta lafiya lau, ban yi tuntuɓe ba, ban kuma bugu da komai ba, amma wajen ƙarfe biyu na dare sai wani raɗaɗi ya tashe ni a gindin babban yatsan ƙafata ta dama, kamar an ɗora garwashi a wurin an danne. Da na haska fitila sai na ga gaɓar ta kumbura tana sheƙi, fatar ta ɗaure tamau, kuma tun kafin hannu ya kai gare ta ana jin hucinta. Ko mayafi ya gagara, domin da gefensa ya shafi yatsan sai in ji abin har cikin kaina, dole uwargida ta janye shi gaba ɗaya. Da asuba ban iya fita masallaci ba, a zaune na yi salla, saboda gaɓar da ake lanƙwasawa a sujada ita ce ainihin wadda ciwon ya kama.

Duk wanda ya zo dubiya da sunan da ya ba abin. Wani ya ce targaɗe ne, wani ya ce sanyin ƙashi, wata dattijuwa cikin dangi kuma ta ce in bincika ko na tsallaka wani abu a hanya. An kira mai ɗori ya ja yatsan ya murza, wanda hakan ya ƙara mini azaba, daga nan aka sayo mini maganin kashe raɗaɗi na diklofenak a kemis. Bayan kwana tara kumburin ya saɓe, fatar wurin ta yi ɓawo ta saluɓe, na koma rumfata a Kantin Kwari ina ganin magana ta ƙare. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ne kuskuren da na ga yawancin masu wannan ciwon gaɓoɓi da ake kira gawut suna yi, wato ɗaukar tafiyar raɗaɗi a matsayin warkewa. Bayan wata biyar ya dawo a idon sawu, sannan a azumin 2023, wanda ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, ya kama gwiwata har sai da aka riƙe ni zuwa mota.

Likitan da na gani a wannan karon ya saurari labarin tun daga farko, ya tambayi abin da nake ci da magungunan da nake sha, sannan ya ce, "Alhaji, alamu sun nuna gawut ne, amma ka dawo bayan mako uku da lafawar ciwon mu auna jininka, domin a lokacin da yake tsananinsa awon yakan iya nuna kamar lafiya lau." Da na dawo aka auna, sinadarin yurik asid a jinina ya kai 9.1. Ya bayyana mini cewa jini yana iya riƙe wannan sinadari a narke har zuwa kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, in ya wuce haka sai ya fara daskarewa ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tsini kamar allura, su kwanta a gaɓoɓi, kamar yadda sukari yake kwanciya a gindin kofi idan an zuba fiye da abin da shayi zai iya narkarwa. Ranar da sojojin jiki suka far wa waɗannan allurai, ranar ce ake kwana ba barci. Ya ce suna son wuri mai sanyi da ke nesa da tsakiyar jiki, shi ya sa babban yatsa ya fi shan wahala, kuma shi ya sa ciwon ya fi tashi da dare. Burin magani shi ne a sauko da awon ƙasa da 6 a kuma tsare shi a can.

Abubuwa biyu ya gyara tun a ranar. Maganin hawan jinin da nake sha yana cikin masu sa yawan fitsari, irin waɗanda suke hana ƙoda fitar da yurik asid yadda ya kamata, don haka ya sauya mini wani. Ya kuma ja mini kunne kan diklofenak ɗin da na mayar abokin tafiya, ya ce yawan shansa ba bisa ƙa'ida ba yana lalata ƙoda yana kuma ƙwaƙule ciki, alhali ƙodar ce take fitar da kusan kashi biyu cikin uku na sinadarin da ke damuna.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ta fi taɓa ni. A da ina jin cewa wannan ciwon mashaya ne, ni kuwa ban taɓa kai giya bakina ba, don haka na yi mamaki. Likitan ya ce gaskiya ne giya tana kan gaba wajen tayar da shi ga masu shan ta, amma ya nemi in lissafa masa abin da na ci a rana guda ba tare da na rage komai ba. Da safe shayi mai cokali huɗu na sukari da burodi. Da rana a kasuwa shinkafa da miya da kayan ciki, hanta da ƙoda da tumbi. Tsakanin azahar da la'asar lemon kwalba biyu ko uku saboda zafi, wani lokaci har da na malt idan baƙo ya zo. Da dare kuma a majalisa balangu ko tsire, ranar Juma'a farfesun kai da ƙafa. Ruwa kuwa sai in ƙishi ya matsa. Da na gama lissafin ni kaina na ga inda matsalar take.

Abin da na fahimta shi ne yurik asid yana fitowa ne daga rugujewar wani sinadari da ake kira fiyurin, wanda ya fi yawa a kayan ciki, sai jan nama, sai wasu kifaye irin su sadin na gwangwani da busasshen jatan lande da ake dakawa a zuba a miya. Fiyurin yana fita cikin ruwa idan an dafa nama, saboda haka romon da nake kurɓa ina ganin ya fi naman sauƙi, a gaskiya shi ya kwashe kaso mai yawa na abin da nake gudu. Lemon kwalba kuwa ba shi da fiyurin, amma nau'in sukarin da ke cikinsa, furuktos, yana sa jiki ya ƙara samar da yurik asid yayin da hanta take sarrafa shi. Wannan ya shafi lemon kwali da zoɓon da aka cika wa sukari, har da zuma idan an yawaita. A ganina, a wurinmu nan wannan ƙofa ta kayan zaƙi ta fi ta nama haɗari, domin kowa ya san ya ci nama, amma ba mai ƙirga kwalaben da ya sha.

Na bar kayan ciki gaba ɗaya, kuma har yau ban koma ba. Jan nama na mayar da shi sau biyu a mako, yanka biyu ko uku, na fi karkata ga kaza da ƙwai. Lemo na daina ajiye shi a rumfa, baƙo ma ruwa nake ba shi ko zoɓon gida mai ɗan zaƙi kaɗan. A nan na yi wani kuskuren na wuce gona da iri, domin wani abokin kasuwa ya ce mini wake da alayyafo su ma suna da fiyurin, sai na bar ƙosai da alale da dafa-dukan wake, na koma tuwo da farar shinkafa kawai, jikina ya yi laushi. Da na gaya wa likita sai ya ce in koma wa wakena, domin fiyurin na tsirrai bai nuna yana tayar da ciwon kamar na dabba ba, kuma mutumin da ya rage nama yana buƙatar wake da gyaɗa su cike masa gurbin. Ya kuma ƙarfafa mini shan nono, musamman wanda aka kaɗe aka cire man, saboda yana taimaka wa ƙoda wajen fitar da sinadarin. Fura da nono ba tare da sukari ba ta zama abincin ranata sau da yawa. Na karanta cewa a ƙasashen Turai da Amurka ana yaba wani ɗan itace da ake kira ceri, amma ban ga dalilin neman abin da ba ya kasuwarmu da tsada ba, alhali ga gwaba da lemon zaƙi da rama da zogale.

Ruwa kuwa sai da na mayar da shi lissafi. Ledar fiya wata rabin lita ce, don haka nakan ajiye shida a gefen teburina da safe, in tabbatar sun ƙare kafin isha'i, ina kuma duba launin fitsari, idan ya yi duhu na san na yi sakaci. Wannan adadi likita ne ya amince mini da shi bayan ya duba ƙodata, domin mai ciwon zuciya ko ƙoda akan iyakance masa ruwa. Na fara tafiyar ƙafa ta rabin sa'a bayan sallar asuba, nauyina ya riƙa sauka a hankali. An gargaɗe ni kada in yi gaggawar ramewa ta hanyar ƙin cin abinci, saboda yunwa mai tsanani ita kanta tana ɗaga yurik asid ta tayar da ciwon.

Bayan wata shida ina kan wannan tsari ba fashi, aka sake awo, sai ga 8.2. Na ji ba daɗi ƙwarai, kuma bayan 'yan makonni ciwon ya sake bugun yatsan. A lokacin ne likitan ya yi mini bayanin da ya sauya tunanina. Ya ce mafi yawan yurik asid jiki ne da kansa yake samar da shi, kuma a wurin yawancin masu gawut asalin matsalar ita ce ƙodarsu ba ta fitar da shi da kyau, abin da sau da yawa gado ne. Gyaran abinci yakan rage awon da kimanin maki ɗaya, wanda yake da amfani, amma ba zai sauko da mai 9 zuwa ƙasa da 6 ba. Nan take na tuna da mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana fama da abin da muke kira ciwon ƙafa, yana da wasu ƙulli masu tauri a gaɓoɓin yatsunsa da gefen kunnensa. Likitan ya ce irin waɗannan ƙulli tarin allurai ne da suka shekara suna taruwa, kuma sukan cinye gaɓa idan an bar su.

Na daɗe ina ƙin maganin da za a ce kullum ne, amma a ranar na karɓa. An fara mini da alofurinol, maganin rage yurik asid, miligiram 100, ana ƙarawa sannu a hankali bayan kowane awo, tare da ɗan ƙaramin kolcisin, maganin hana ciwon tashi, na wasu watanni, saboda a farkon shan maganin tsofaffin allurai suna motsawa, ciwon yakan iya tashi. Ya tashi kuwa sau ɗaya a wata na biyu, kuma da ba a riga an gaya mini ba da na jefar da maganin na ce shi ya ƙara mini ciwo. An ce kada in dakatar da shi ko ciwon ya taso, sai dai idan na ga ƙuraje sun feso a fata, musamman tare da zazzaɓi, to in tsaya nan take in garzaya asibiti. A wannan tashin na kwanta na ɗaga ƙafar a kan matashi, uwargida ta sayo ƙanƙara a maƙwabta ta naɗe a tawul tana ɗora mini na minti goma sha biyar zuwa ashirin, ba wanda ya murza, ba wanda ya ja, cikin kwana uku na taka. Kafin shekara ta zagayo awon ya sauka zuwa 5.6.

Wani zai ce tunda magani ne ya yi aikin, me ya sa za a ci gaba da takura wa kai a abinci? Ni dai abin da na gani a jikina shi ne kowanne da aikinsa. Maganin yana narkar da abin da ya taru, abinci da ruwa kuma suna hana a tsokano ciwon kafin narkewar ta kammala, sannan su ne suka sauko mini da hawan jini da tumbi, waɗanda alofurinol ba ruwansa da su.

Azumi ya buƙaci nasa shiri. Yanzu nakan buɗe baki da dabino uku da ruwa, in bi da kunun gyaɗa ko na tsamiya marar sukari sosai, in rarraba ruwana tsakanin magariba da sahur maimakon in ɗura shi lokaci guda, maganin kuma in sha da sahur kamar yadda likita ya tsara. Soyayyen nama da lemo mai sanyi, waɗanda a da su ne adon faifan buɗa-bakinmu, sun bar gabana.

Abin da ya fi wuya har yanzu shi ne mutane. A al'adarmu nama shi ne karamci, wanda ya ajiye maka shi girmama ka ya yi, mayar da shi kuma yana kama da raini. Yayata takan tura mini kwano ta ce, "Haba ƙanena, ko yanka ɗaya na hanta ai ba zai kashe ka ba." Da farko nakan ci don kunya, in kwana cikin fargaba. Daga baya na koyi faɗin gaskiya a fili, in ce, "Yaya, likita ya hana ni kayan ciki, amma ki zubo mini tuwon da miyar kuka, zan ci har in ƙara." Na lura idan mutum ya nemi wani abu a madadin wanda ya ƙi, mai gida ba ya jin an ƙi shi. A majalisa ma ina zama yadda na saba, in sa hannu a tsire in ɗauki yanka biyu in janye, abokai sun daina matsa mini tun da biyu daga cikinsu suka ga irin daren da na sha.

A Babbar Sallar da ta wuce na yanka ragona, na sa aka ware hanta da ƙoda da sauran kayan ciki aka kai wa maƙwabta, na ci ɗan gasasshen tsoka a rana ta farko da ta uku, na bi da ruwa mai yawa. Ƙanena da ya zo gaisuwar salla na ga yana ɗingishi yana taka gefen ƙafa, ya ce sabon takalmi ne ya matse shi. Na sa ya cire takalmin na duba gindin babban yatsan, na ga sheƙin da na sani, na hana a kira mai ɗori, washegari da safe kuma ni na tuƙa shi zuwa asibiti.