Tarumbu, mussar da muka ɗauko don ɓeraye

Ɓeraye ne suka sa muka ɗauko mussa, ba sha'awa ba. A Tahoua duk mai ɗan hali da kaka yake sayen hatsinsa, lokacin da tiya take da sauƙi, ya jibge a ɗaki tun kafin bazara ta ɗaga farashi. Mu ma haka muke yi, buhunan hatsi da na wake duk suna ƙaramin ɗakin da ke jikin madafa. Wata shekara ɓeraye suka mai da ɗakin nan gidan ubansu. Maigida ya ce a sa guba, na ce gida da yaro mai rarrafe ga kaji suna kiwo a tsakar gida, wa zai tsare wa? Surukata, wadda duk gidan muke ce wa Inna, ita ta yanke magana: a nemo 'yar mussa. Wata ƙawarta ta aiko mana da ɗaya a cikin kwali, ja mai ratsin fari, kunnuwan sun fi ƙarfin kan. Yara suka sa mata suna Tarumbu.

Aikin da aka ɗauko ta dominsa ta yi shi, wannan kam ba a ƙwace mata ba. Tun kafin ta gama girma kacaniyar dare a ɗakin hatsi ta yi sauƙi. Sana'ar gado ce a wurinta. Asalin kyanwar gida kyanwar daji ce ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da mutane kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sa'ad da suka fara noma suna tara abin da suka girbe. Hatsi ya jawo ɓera, ɓera ya jawo mussa. A tsibirin Saifurus har an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, mutum kwance da kyanwa a gefensa. Ba wanda ya sa mata igiya ya jawo ta gida. Da ƙafarta ta zo, don ta hango riba. Har gobe kuwa da wannan lissafin take zaune da mu.

Ɓarnarta ta farko a kan buhunan da aka kawo ta gadi ta yi. Kullum ta tashi daga barci sai ta miƙe, ta kafa farata a jikin buhu ta yi ta ja, har hatsi ya fara tsiyaya. Maigida ya yi ta jifan ta da takalmi. Abin da jifan ya haifar kawai shi ne ta daina yi a gabansa; da ta ji ƙarar motonsa ya fita sai ta koma bakin aiki. Mussa ba ta haɗa duka da laifin da ta yi, da mai dukan take haɗa shi. Yakushin kuma dole ne gare ta: da shi take zubar da tsohon ɓawon farce, kuma a tafin ƙafarta akwai inda wari ke fita, tana shafa shi ne don ta ce nan wurina ne. Na sa aka samo mini guntun icen bedi mai kauri, na naɗe shi da tsohuwar igiyar kaba, na jingina shi daidai ƙofar ɗakin, inda take miƙa in ta tashi. Buhunan kuma muka ɗora su a kan benci muka lulluɓe da leda mai santsi, wadda farce ba ya kamawa. Ba ta sake taɓa su ba. Katifar ɗakina ce dai ta sha nata rabon kafin in koyi rufe ƙofa.

Sata kuwa sai wanda ya gani. Ƙwaryar nono da na rufe da faifai na ajiye a kan turmi, ba ta zuwa mata kai tsaye. Sai ta zo ta kwanta nesa kaɗan, ta lumshe ido, kwanciyar ɗaukar rai ke nan da ake yi mata kirari da ita. In na juya ina tankaɗe sai ta matso taku biyu ta sake kwanciya. Da ta iso gindin turmin sai ta miƙa hannu ɗaya ta taɓa bakin faifan, ta dube ni. Ta tura shi kaɗan, ta sake duba na. Haka za ta yi ta yi har ƙofa ta samu daidai kanta. In na ce "ke!" sai ta janye hannun ta hau lasarsa, wai ita wanka take yi tun ɗazu. Ranar da ɗan'uwan maigida ya kawo mana cuku daga Abalak, na sa shi a kwando na rataye a dirkar rumfa, ina ganin ya yi mata nisa. Ta bi ta katanga ta hau rumfar, ta sauko ta sama. Da muka dawo daga barka sai gefe-gefen cukun muka tarar, duk an gutsure. Sukari da dabino kuwa ko a ƙasa ka zubar ba ta kallon su, don harshen kyanwa ba ya jin zaƙi. Yanzu duk abin da ya shafi nono ko nama cikin tukunya mai murfin ƙarfe yake kwana, da dutse a kai.

Maganar nono, mutane da yawa sun ɗauka shi ne abincinta. Madara sabuwar tatsa takan sa wa babbar mussa zawo, don in ta girma cikinta ba ya narkar da sukarin da ke cikin madarar yadda ya kamata. Nono mai tsami ya fi mata sauƙi, shi ma kaɗan. Tuwo ba ya riƙe ta. Dabbar nama ce, akwai abin da jikinta ke buƙata wanda sai a nama take samunsa, in ta rasa shi ido da zuciya ne suke taɓuwa. Mu kan kifi muke ba ta in an kawo na Tabalak, da kayan cikin kaza, ita kuma tana ƙarawa da fara da ƙadangaru. Abin da ya fi ba ni tsoro da likitan dabbobi ya faɗa mini shi ne albasa. Mu nan ƙasar albasa ce, ta Galmi ba ta yankewa a madafa, kuma babu miyar da ba a sa ta. To albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kyanwa a hankali. Don haka nata naman nake cirewa tun kafin ya shiga tukunya, ragowar miya kuma kaji ke ci. Ya kuma ja mini kunne a kan parasitamol: ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka maganin ƙuma na karnuka. In za a fesa maganin sauro ma, waje nake fitar da ita sai ɗakin ya sha iska.

Barci ne rabin rayuwarta, har ya fi rabi. Kyanwa takan kwashe awa 12 zuwa 16 a rana tana kwance. Inda za ta kwanta kuwa yanayi ne ke zaɓa mata. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tahoua ke haura 40, gindin randa take tarewa, ta baje ciki a kan jiƙaƙƙen yashin nan, mai ɗiban ruwa sai dai ya tsallake ta. Da hunturu sai ta shige murhu bayan wuta ta mutu, da safe ta fito fari fat da toka tana atishawa, ta bi ta kan wankin da na ninke. Masu mota su riƙa buga murfin inji kafin su tayar da sanyin safiya, don nan ma wurin kwanan kyanwoyi ne.

Amma duk gidan babu abin da take so kamar sallayar Inna. Da an shimfiɗa sai ta taso daga inda take ta zo ta kwanta daidai wurin sujada. Na taɓa ɗaukar tsintsiya zan kore ta, Inna ta ce, "Ke 'yar nan, mi ta yi maki? Ƙyale ta." Na ce, "Inna, ku duba fa, yanzu ta fito daga murhu." Ta ce toka ai ba najasa ba ce, mussa ma haka. Ta kawo mini hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa, wanda ya karkata wa kyanwa ruwan alwalarsa ta sha, ya ce Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninku. Tun daga nan Inna sallaya biyu take shimfiɗawa, tsohuwa da sabuwa. Tarumbu kuma sabuwar take zaɓa.

Da asuba da kuma gab da magariba haukarta ke tashi, lokacin farautar danginta ke nan. Ta zabura daga zaure ta haye katanga, ta bi ta kan rufin kwano da gudu, mai barci ya ɗauka ruwa ne ya sauko. Na lura in yara suka yi wasa da ita da yamma, suka ɗaura gashin kaza a zare suna ja tana bi har ta gaji, sannan aka ba ta abinci, daren yakan yi sauƙi. Tsarabar farauta kuwa ba ta fasa kawowa. Ƙadangare mai sauran rai, wutsiya a gutsure, ta ajiye shi a bakin ƙofar ɗaki ta zauna tana jiran yabo. Sau da yawa cikin takalmin maigida take sakawa, shi da ba ya shiri da ita. Yanzu sai ya zazzage takalmi kafin ya sa, abin da ya kamata kowa ya yi dama a garin da ke da kunama.

Inda abin ya daina zama na dariya shi ne tantabarun maƙwabcinmu. Dattijo ne mai kiwon su a tukwane a kan katanga, wata safiya ya yi sallama riƙe da fukafukai. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ba mu da ta cewa." Ya ce haƙuri ya zama dole, amma 'yan shila biyu ne. Maigida ya biya, ya kuma sayo ragar waya aka kewaye tukwanen. Namu 'yan tsakin ma a akurki suke kwana har su yi ƙwari. Manyan kaji kam tsoronsu take ji, kaza mai 'ya'ya ta taɓa kora ta har ƙarƙashin gado. Duk wanda ya ce maka tasa mussar kyanwar Lami ce, bai kai ta kusa da ɗan tsako ba.

Tarin yashin da aka sauke don gini shi ta mayar makewayi, nan kuma yara ke wasa. Na yanka tsohon bido, na zuba mata yashi a lungu, aka rufe na ginin da tsofaffin buhuna. Kullum ake kwashewa, kuma akwai dalili: kashin kyanwa yana iya ɗauke da ƙwayar toksoplasma, wadda ke cutar da ɗan da ke ciki, amma sai ta kwana ɗaya ko fiye a waje kafin ta iya kama mutum. Lokacin da nake da ciki ban taɓa bidon nan ba, babban ɗana ke yi, ya wanke hannu da sabulu.

Ita ma ba ta jima ba ta yi nata cikin. Macen kyanwa tun tana wata biyar ko shida take iya ɗauka, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne. Kafin nan mun sha kukan muzurai a kan katanga, irin kukan nan da ke sa tsofaffi su yi ta a'uziyya. Na shirya mata kwali da tsummoki a ɗakin hatsi, ta shinshina ta wuce. A cikin akwatin zannuwana na biki ta haihu, wanda na bari a buɗe don ya sha iska, a kan atamfar da ko sau ɗaya ban ɗaura ba. 'Ya'ya huɗu, ido a rufe, sai da suka haura mako suka buɗe. Na mayar da su kwali, ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ta ƙeya ta maido akwati. Na kwashe zannuwan na bar mata akwatin. Sai da suka yi wata biyu muka raba su ga masu so, don wanda aka raba da uwa da wuri yakan tashi da cizo da tsoro. Da yake tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, muka kai ta wurin likitan dabbobi ya yi mata aikin hana haihuwa, ya haɗa mata da allurar haukan kare, don kyanwa ma tana ɗauka tana kuma sa wa mutum. In ta ciji yaro ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti, musamman in baƙuwar mussa ce.

Ranar layya kuwa sai an yi da gaske. Raguna a baje a jikin itace an kewaye wuta da su tun hantsi, kayan ciki a tasa, kitse a rataye a igiya. Wannan rana ɗaki muke kulle ta. Inna da kanta take kai mata ruwa da guntun hanta, tana tuna mana matar nan da aka ce ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Tana cinye hantar sai ta dawo bakin ƙofa ta yi ta kuka har dare, tana zuro hannu ta ƙarƙashi.

Abin da har yau ya gagare mu shi ne kofunan shayi. In maigida ya jera 'yan kofunansa a faranti yana jiran na biyu ya nuna, sai ta zo ta zauna a gefe, ta sa hannu ta tura ɗaya a hankali har bakin benci, ta leƙa ta ga inda ya faɗi, sannan ta juyo kan na gaba. Mun canza wurin zama, mun yayyafa mata ruwa, mun ba ta murfin kwalba ta yi wasa da shi, duk a banza. Daga dozin ɗin da ya sayo a kasuwa saura biyar, yanzu a ƙasa kan tabarma yake haɗa shayinsa.