Omar Yaghi, ɗan 'yan gudun hijira mai tatso ruwa daga iskar hamada

A ranar 8 ga Oktoba 2025 aka sanar daga birnin Stockholm cewa kyautar Nobel ta ilimin sinadarai ta waccan shekara ta faɗa hannun mutum uku, wato Susumu Kitagawa na Japan, da Richard Robson na Jami'ar Melbourne a Ostireliya, da Omar Yaghi na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Na ukun nan ne na ɗauki alƙalami domin sa, saboda tarihinsa ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

An haife shi a Amman, babban birnin Jodan, a 1965. Iyayensa Falasɗinawa ne da yaƙin 1948 ya raba da garinsu, suna cikin mutum sama da 700,000 da suka rasa gidajensu da gonakinsu a wancan lokaci. Mahaifinsa mahauci ne wanda karatunsa bai wuce aji shida ba, mahaifiyarsa kuwa ba ta iya karatu da rubutu ba. A ɗaki ɗaya ya tashi tare da 'yan uwansa masu yawa da kuma dabbobin da suke kiwo, babu wutar lantarki, ruwan famfo kuma sai bayan mako ɗaya ko biyu ake sako shi na 'yan sa'o'i. Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda yake tashi da asuba ya buɗe famfo, domin idan ruwan ya ɗauke ba a tara ba, mutanen gida da dabbobi duka za su sha wuya har zuwa wani zagayen.

Yana ɗan shekara goma ya saci jiki ya shiga ɗakin karatu na makarantarsu, wanda yawanci a kulle yake, ya zaro wani littafi, ya ci karo da zane-zanen ƙwayoyin sinadarai. Bai san mene ne su ba, kyawunsu kawai ya kama shi. Nakan daɗe ina tunani a kan wannan gaɓa, domin littafin yana nan tun da daɗewa, yaron ma yana nan, kwaɗon ƙofa ne kaɗai ya raba su, kuma Allah kaɗai ya san yawan yaran da suka wuce ta gaban irin wannan ƙofa ba su taɓa samun ta a buɗe ba.

Da ya kai shekara 15 mahaifinsa ya tura shi Amurka, ga shi Turancinsa bai taka kara ya karya ba. Ya fara da wata ƙaramar kwalejin gwamnati a garin Troy na jihar New York, yana aiki a kantin kayan masarufi yana goge daɓe domin ya riƙe kansa. Ya gama digirin farko a Albany a 1985, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Illinois a 1990, sannan ya koyar a Arizona da Michigan da Los Angeles kafin ya koma Berkeley a 2012.

Abin da aka ba su kyautar a kansa wani nau'in abu ne da ake taƙaita sunansa da MOF, wato metal-organic framework a Turance. Ana haɗa ƙwayoyin ƙarfe da wasu dogayen ƙwayoyi masu kabon a jikinsu, sai su sarƙe da juna bisa tsari, kamar ginin da aka kafa wa ginshiƙai aka ɗora azara amma ba a yi masa bango ba, ɗakuna birjik kuma kowane a buɗe. A ido gari ne kawai mai kama da hoda, amma cikinsa sarari ne. Robson ne ya fara gwada wannan dabara a 1989, sai dai abin da ya haɗa ba ya jimawa yake rushewa. Kitagawa ya nuna cewa iska tana iya shiga irin waɗannan ramuka ta fita. Yaghi kuma a 1999 ya fito da MOF-5, wanda yake jure zafin da ya kai digiri 300 a ma'aunin Celsius ba tare da ya ruguje ba, kuma idan da za a shimfiɗa bangarorin ramukan da ke cikin giram biyu zuwa uku nasa, da sun rufe filin ƙwallon ƙafa. Daga nan masana suka ƙera dubban ire-irensa, wasu don kama iskar kabon da ke ɗumama duniya, wasu don adana iskar gas, wasu don tsarkake ruwa daga guba.

Wanda ya fi shiga raina shi ne na ruwan sha. Ko a hamadar da ta fi kowace bushewa akwai ɗan laima a cikin iska, musamman da dare. A 2017 Yaghi da abokan aikinsa na MIT, wata jami'ar fasaha a Amurka, suka nuna wata na'ura da ake buɗewa da dare garin MOF da ke cikinta ya zuƙe laimar, da rana kuma a rufe ta, zafin rana ya sa garin ya saki tururi, tururin ya taru a jikin akwatin ya zama ruwa. Sun gwada ta a Arizona, daga baya suka sauya garin da wani da aka yi da alminiyam saboda ya fi araha, suka kai shi hamadar Mojave, suka kuma kai shi kwarin Death Valley na Kalifoniya, ɗaya daga cikin wurare mafi zafi a doron ƙasa. A can kilo ɗaya na garin ya ba da ruwa giram 200 da ɗoriya a yini, babu lantarki babu batir. Duk wanda ya san yaron da ke jiran famfo da asuba a Amman ba zai yi mamakin inda wannan bincike ya dosa ba.

Dole ne a faɗi gaskiya, giram 200 kofi ɗaya ne, kuma kofi ɗaya ba ya shayar da gida, balle garke. Sauran aikin yana wajen rage tsadar garin da ƙera manyan na'urori, abin da kamfanin Atoco da Yaghi ya kafa yake fama da shi ke nan. Ba na son a ɗauki labarin kamar an gama da ƙishirwa, domin har yau rijiyar burtsatse da gyaran bututun ruwa sun fi kusa da talaka.

Hidimarsa ga jama'a ba ta tsaya a ɗakin gwaji ba. Ya kafa wata cibiya a Berkeley wadda aikinta shi ne taimaka wa ƙasashe su buɗe wuraren bincike a gida, ta yadda matashi mai basira zai yi bincike na gaske ba sai ya bar ƙasarsa yana yaro ba, kuma an buɗe irin waɗannan wurare a Biyetnam da Jodan da Saudiyya da Maleshiya. Da aka tambaye shi bayan sanar da kyautar, ya nuna cewa masu basira suna ko'ina a duniya, dama ce ba ta isa ko'ina ba, ya kuma yaba wa makarantun gwamnati da suka karɓe shi lokacin da ba shi da komai. A ganina wannan ɓangare na aikinsa bai gaza binciken daraja ba, tun da mutumin da hijira ta jefa iyayensa cikin ƙunci, shi kuma neman ilimi ya raba shi da su tun yana ɗan shekara 15, ya san ciwon rabuwa da gida fiye da yadda za a ba shi labari.

Mu da muke bakin Sahara abin ya shafe mu ta fuska biyu. Akwai yara da rikici ya kora zuwa sansanonin Maiduguri da Diffa da Minawao na Kamaru, da yawansu karatunsu ya katse, kuma maganar makarantarsu takan zo ne bayan ta abinci da tanti. Sannan iskar hunturu tamu busasshiya ce mai ƙura, wadda ba lalle ta yi daidai da ta Kalifoniya ba, don haka sai an gwada na'urar a nan kafin a san amfaninta gare mu. Jami'ar Bayero da ta Maiduguri da ta Abdou Moumouni a Yamai duk suna da sashen ilimin sinadarai, kuma ina fatan malamansu da ɗalibansu su ne za su yi wannan gwaji.