Sai an kamu ake motsa jiki?

Tun da na fara fita tafiyar ƙafa da safe, na kuma rage zaƙi, tambayar da ake yi mini ɗaya ce: "Lafiya dai ko? Likita ne ya sa ka?" Wato a ganin mutane da yawa, mai lafiya ba ruwansa da motsa jiki, sai wanda hawan jini ko ciwon suga ya riga ya kama. Wani ma cewa ya yi na rame, in daina wahalar da kaina.

Abin da ya fi ci mini rai, bakin nan da ya tausaya mini shi ne ke yi wa mai ƙiba ba'a da zarar ya juya baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da matsananciyar ƙiba. Duk waɗannan ragwaye ne? Haba! Akwai gado, akwai aikin zama wuni guda, akwai magungunan da ke sa jiki nauyi. Gorin kuwa hana su fitowa yake yi.

Abin da hukumar ta nema daga babba bai taka kara ya karya ba: motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5.